Injin cika harsashin farauta na hannu: wanne ya cancanci kuɗinsa?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar cika harsashi a nan Amurka. A allon sanarwa na kulob ɗin harbin faifan yumɓu da ke kusa da mu a Ohio an liƙa tallan injunan cika harsashi uku na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, duka na geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bututun bindigar farauta): MEC 600 Jr a dala 90, MEC 9000G a dala 350, da wani tsoho mai suna Texan a dala 40. Mai 600 Jr ya ce zai haɗa da rabin buhun ƙwayoyin dalma, jakar kwanso (ɓawon harsashin da aka riga aka harba), firaima ('yar hular gindin harsashi da ke kunna albarushi) da albarushi a gwangwani. Abin da nake harbawa bai wuce kwali huɗu masu harsashi 25-25 a mako ba, tiraf kawai (wani nau'in wasan harbin faifan yumɓu), kuma bindigar irin mai ɗora harsashi da kanta ce. Me zan duba, kuma wanne zan ɗauka?

Malam Garba: Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Fara cire Texan daga lissafi. An daɗe da daina ƙera shi, ranar da sifirin ya karye sai dai ka shiga eBay kana addu'a. Waɗannan injunan kamar keken ɗinki suke, gangar jikin ba ta cika mutuwa ba, ƙananan kayan ciki ne ke cinyewa. To injin da ba a samun kayan gyaransa ko kyauta aka ba ka ya yi tsada. Kamfanin MEC kuwa suna nan a Mayville ta jihar Wisconsin, kuma suna sayar da kayan gyara ɗaya-ɗaya, har 'yar wasa (siririn zoben ƙarfe irin na ƙarƙashin noti) da roba. Saura biyu ke nan.

Barista Hauwa: Kafin a shiga maganar sukuru da sifirin, Malam Nasiru, da wace takarda kake zaune? Ba sai ka amsa a nan ba. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi, kamar ta karatu ko ta aiki, mallakar bindiga da harsashi, sai in ya shiga cikin 'yan keɓance-keɓancen da aka yi, wanda aka fi sani shi ne riƙe lasisin farauta mai aiki. Abin da mutane ba su lura da shi ba: a wajen dokar, kwanso da firaima da albarushi duk sunansu harsashi ko da ba a haɗa su ba. Mai katin zama na dindindin da ɗan ƙasa ba su cikin wannan hani. Cika wa kanka ba ya buƙatar lasisi, amma yin sana'ar sayar da abin da ka cika yana buƙata. Jihohi kuma kowace da nata ƙarin, a duba.

Nasiru: Na gode Hajiya, ta wannan ɓangaren babu matsala.

Injiniya Tukur: To bari in yi maganar 600 Jr ɗin, don suna ɗaya ne amma ba inji ɗaya ba ne. A takardun kayan gyara MEC sun raba shi uku: na kafin 1982, na 1982 zuwa 1985, sai Mark V da ya biyo baya. Wasu kayan sabon ba sa shiga tsohon. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka dubi bututun da ke rufe bakin harsashi a tasha ta ƙarshe cikin tashoshin da kwanso ke bi a jikin injin: na Mark V baƙar roba ce mai tauri, na tsofaffin ƙarfe ne. Mark V kuma yana da wani ɗan ƙarfe a gefen sandar awo (sandar da ke auna albarushi da dalma), Pro-Check, wanda ke hana ka zuba dalma kafin albarushi. In tsoho ne sosai, dala 90 ta yi yawa.

Idan ka je, ka tafi da kwanso goma da ba komai ciki, tocila, da mayen ƙarfe. Ka ce ya ɗaure injin a tebur, domin injin da aka riƙe da hannu ba ya nuna aibinsa. Ja hannun sama da ƙasa ba kwanso. Ya kamata ya sauka sumul, ya koma sama da kansa da ƙarfin babban sifirin da ke jikin ginshiƙi. In yana tsayawa a tsakiya ko yana ƙugi, duba ginshiƙin. Tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, soson ƙarfe da ɗan mai sun isa. Wadda ta ci rami kuwa za ta riƙa kama injin har abada. Sai ka girgiza hannun hagu da dama. Ɗan motsi dole ne, amma in ramukan da ƙusoshin haɗi ke ciki sun zama kamar ƙwai, an ci moriyarsa an gama.

Daga nan bi tashoshin biyar ɗin. Ta farko tana fitar da tsohuwar firaima tana matse gindin kwanso ya koma girmansa: duba tsinken ko ya lanƙwashe, duba zoben matsewar ko yana barin zane mai zurfi a jikin kwanson. Ta biyu tana zaunar da sabuwar firaima, kuma a nan ne aka fi samun ɓatan kaya, domin ɗan kofin da sifirin ɗinsa da faifan da ke kai ba a ɗaure suke ba, ɗaga su kawai ake yi. Ta uku ita ce ta albarushi da wad (kofin robar da ke raba albarushi da dalma a cikin harsashi) da dalma: leƙa bututun da tocila ko akwai tsatsa ko gidan gizo-gizo, sannan ka taɓa yatsun robar da ke buɗe bakin kwanso don wad ya shiga. Kusan kullum a injin hannu sun karye, kuɗinsu kaɗan ne, kada su hana ka saye. Ta huɗu tana fara naɗe baki, ta biyar tana rufewa.

Ɗan Asabe: Injiniya, mayen ƙarfen na mene ne?

Injiniya Tukur: Na jakar kwanson da aka ce za a haɗa masa. Yawancin kwanson da ke walƙiya kamar tagulla ƙarfe ne aka shafa wa launi. In mayen ya kama gindin, ƙarfe ne. Tagulla tana matsuwa cikin sauƙi, ƙarfe yana gardama, kuma zoben 600 Jr da ƙarfin hannu yake turawa. Remington STS gindinsa tagulla ne, Gun Club na Remington ƙarfe ne amma yana cikuwa da kyau.

Alhaji Sule: Ni dai ban ga dalilin da zai sa a tsallake 9000G ba. Tasha shida ce ke aiki lokaci guda, kowane jan hannu harsashi ɗaya na faɗowa, faifan da ke ɗauke da kwanso yana juyawa da kansa. Sannan ku tuna bindigarsa mai ɗora harsashi da kanta ce, irin waɗannan ba su da haƙuri da kwanson da bai matsu sosai ba. 9000 da kolet yake matsewa, yatsun ƙarfe takwas da ke rungume gindin ta ko'ina, ba zobe ba. Wanda ya sayi 600 Jr yau, shekara ba za ta zagayo ba zai fara neman babba. Gara a saya sau ɗaya.

Malam Garba: Ranka ya daɗe, harsashi ɗari ne fa a mako. Mai 600 Jr da hannunsa ya faɗa zai gama su cikin awa guda ko ƙasa da haka. Kuma mai koyo yana buƙatar ya ga kowane mataki da idonsa. A 9000 abu shida ke faruwa a ja ɗaya: firaima ba ta faɗo ba, ba ka lura ba, faifai ya juya, albarushi ya zube ta ramin gindi ya shiga ƙarƙashin faifan. Kafin ka gane, kwanso uku sun wuce kuma ba ka san wanne ne lafiyayye ba. Mafi muni shi ne wanda ya wuce ba albarushi. Firaima kaɗai za ta tura wad ya maƙale a cikin bututun bindiga, in aka bi shi da wani harsashin bututun na iya kumbura ko ya fashe.

Alhaji Sule: Ai ana iya tafiyar da kwanso ɗaya-ɗaya a kan 9000 har mutum ya saba.

Malam Garba: Ana iyawa, amma sai ya riƙa kulle sandar awo yana buɗewa, ranar da ya manta ya ja hannu tashar ba kwanso, dalma ta watsu a ɗaki. Kuma akwai abin da ba a faɗa ba: 600 Jr ana sayen kayan canza masa geji, daga 12 ya koma 20 ko 28. Manyan MEC masu juyawa gejin da aka ƙera su da shi a nan suke mutuwa.

Injiniya Tukur: Alhaji yana da gaskiya a batun kolet, Malam Garba yana da gaskiya a sauran. Wanda ke tsakiyarsu shi ne Sizemaster: tasha ɗaya-ɗaya kamar 600 Jr, amma da kolet da tiren da ke sako firaima da kansa. In an ga na hannu, shi ya fi dacewa da Nasiru. In ba a gani ba, MEC suna da Super Sizer, kolet ne zalla da ake ɗaurewa a tebur, ana iya ƙara shi daga baya idan bindigar ta nuna tana buƙata. Gwajin ba wuya: cire bututun bindigar gaba ɗaya, matse kwanson da ba komai ciki, jefa shi a ɗakin harsashi. In ya shige da nauyinsa ya fito da an kifa, zoben ya wadatar.

Duk wanda zai duba 9000G ɗin kuma, abu uku. Leƙa kolet da tocila ka ƙirga yatsun, domin ƙwayar dalma ɗaya in ta faɗa tsakaninsu aka danna da ƙarfi, yatsa na karyewa, kuma in an bar shi ba giris yana kafewa. Na biyu, 'yar silindar gas da ke juya faifai: idan ta mutu faifan zai yi tsalle dalma ta fantsama daga kwanson da ba a rufe ba, ko ya tsaya rabin hanya. Na uku, tiren firaima, a gwada sau ashirin a jere da matattun firaima a ga ko yana sako ɗaya kowane ja. Mai injin da ya ƙi cika maka kwali ɗaya a gabanka, akwai abin da ya sani.

Mairo: Ba wanda ya taɓa maganar gwangwanin albarushin, kuma shi ya fi komai haɗari a cikin kayan. Kada ka karɓa. Ko da tambarin kamfani a jiki, in an riga an buɗe ba ka san abin da aka juye a ciki ba. Mutane na mayar da ragowar kwalbar inji cikin gwangwanin da ya fi kusa da hannu, kuma ido ba ya rabe irin da irin da tabbaci. Wanda ya lalace yana warin tsami mai hawa hanci, wani lokaci da jan ƙura kamar tsatsa, amma wanda aka gauraya ba ya nuna alamar komai. Firaima in tana cikin kwalinta na asali, a bushe, da sunan kamfani, babu laifi. Wadda aka zuba a kwalba ko leda a bar masa, tara su wuri ɗaya a sake haɗari ne don ɗaya na iya tayar da sauran. Dalma kuwa karɓi abinka, a duba lambar kawai: a gasar tiraf ba a yarda da ƙwayar da ta fi 7½ girma ba.

Duba kwalaben injin ma. In ta albarushi ta yi duhu ta yi kaushi daga ciki, an daɗe ana barin albarushi yana kwana a ciki yana cin robar. A canza ta.

Nasiru: Madalla. To sandar awon fa? A hoton da ya turo akwai lamba 302118 a jikinta.

Malam Garba: 302 na nufin ta injin tasha ɗaya-ɗaya ce, 502 ta masu juyawa ce, ba sa musanya. 118 na nufin oza ɗaya da ɗaya bisa takwas na dalma. Ta oza ɗaya 302100 ce. Ramin dalma a sandar yake, na albarushi kuwa bushin ne, wato ɗan gajeren bututu mai lamba da ake sakawa a cire. Tambaye shi duk bushin da yake da su, sukan taru a gwangwani a manta da su. Cire sandar ka duba 'yar robar da ke gefen ramin dalma, ita ke hana sandar yanke ƙwaya ta cije. A ƙarƙashin kwalbar albarushi akwai zoben roba da siririyar wasar tagulla. In babu wasar, albarushi mai laushi zai riƙa yoyo a kan sanda.

Amma abin da zan jaddada: jadawalin bushin kimantawa ne kawai. Lamba ɗaya tana iya zuba nauyi daban a injuna biyu, ko a inji ɗaya ranar damina da ranar sanyi, ko da sabon gwangwani. Saboda haka kuɗin sikeli mai auna giren (ƙaramin ma'aunin nauyi da ake auna albarushi da shi) yana cikin kuɗin injin, ba a raba su. Kuma a auna yadda ake aiki da gaske, wato a bi duk tashoshin sannan a zuba a auna, domin girgizar injin tana danne albarushi a cikin bushin. Wanda ya tura sanda sau goma a jere ba tare da jan hannu ba zai ga nauyi ƙasa da na gaskiya. Dalma ma a auna: oza ɗaya giren 437.5 ce, kuma dalma mai tauri da aka ƙara wa antimoni ta fi mai laushi rashin nauyi a rami ɗaya.

Mairo: A ƙara da cewa lodin harsashin farauta, wato haɗin kayan da ake zuba masa, ba a yi masa gyaran fuska. Kamfanonin albarushi Hodgdon da Alliant suna wallafa jadawalinsu kyauta a intanet, kowane layi ya ambaci kwanso, firaima, albarushi, wad da nauyin dalma. A bi layin yadda yake. Duk firaimar lamba 209 ce, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, canza ita kaɗai na iya ɗaga matsi sosai. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta sa wa geji 12 mai inci 2¾ ita ce psi 11,500 (psi ma'aunin matsi ne), kuma bindigar farauta ba ta nuna maka alama a jikin kwanso kafin a wuce iyaka. Jakar kwanson nan ma sai an tantance. AA na Winchester da STS na Remington cikinsu yana tsukewa zuwa gindi, Federal da na Turai irin su Cheddite da Fiocchi miƙaƙƙu ne, wad ɗinsu daban. Zaɓi iri ɗaya ka zauna a kai. In ka ga rawaya a cikin jakar, geji 20 ne, fitar da shi daga ɗakin ma gaba ɗaya: harsashin 20 yana zamewa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, har a ɗora na 12 a bayansa.

Ɗan Asabe: Tambaya a gefe. Mafarautanmu na gida suna kukan tsadar harsashi. In mutum ya sami irin wannan injin da araha, zai iya sa shi a kaya ya kai Kano?

Barista Hauwa: A'a, Ɗan Asabe, ko kusa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi da kansa, lasisin riƙe bindigar farauta bai ba shi wannan izini ba. Ta nan ɓangaren kuma albarushi da firaima ba sa shiga jirgin fasinja ko a jakar da aka auna, gidan waya ma ba ya ɗaukarsu, sannan fitar da kayan harsashi daga Amurka yana da nasa dokokin. Duk abin da ake faɗa a zauren nan na mazauna nan ne.

Alhaji Sule: Tun da an kayar da ni a kan 9000, bari in kawo wadda ba za a kayar da ni ba. Geji 12 ba a cika shi don riba. Buhun dalma laba 25 ne, oza 400. A oza ɗaya harsashi 400, a oza 1⅛ kimanin 355, a ⅞ kimanin 457. A ce buhu dala 50, to dalma kaɗai ta ci santi goma sha biyu da rabi a kowane harsashin oza ɗaya, ba a zo kan firaima da wad da albarushi ba. In aka yi odar albarushi ko firaima ta intanet akwai kuɗin kaya masu haɗari a kan kowane aike. Haɗa duka ka kwatanta da katon mai harsashi 250 na masu araha a kanti, za ka ga ratar ba ta taka kara ta karya ba. Inda ribar take shi ne geji 28 da .410: na kanti tsada, dalmar da suke ci kaɗan. Buhu ɗaya yana cika .410 mai rabin oza har 800.

Malam Garba: Wannan kam babu ja. Abin da mai geji 12 ke samu shi ne lodin da yake so, musamman mai sauƙi na ⅞ wanda ba ya dukan kafaɗa kuma ba kullum ake samunsa a kanti ba. Sai dai Nasiru ya gwada kwali ɗaya tukuna, wasu bindigogi masu ɗora kansu ba sa tofar da kwanso in lodin ya yi sauƙi da yawa.

Nasiru: Na je na gani. Mark V ne, hannu yana komawa da kansa, ba rami a ginshiƙi. Yatsun wad biyu sun karye, babu wasar tagulla, kwalbar albarushi ta yi duhu. Ya cika guda biyar a gabana da kayansa, amma duk bakinsu ya fito da ɗan rami a tsakiya har ana ganin dalma. Wannan aibin inji ne?

Injiniya Tukur: Da wuya. Fara ƙirga ninkin bakin kwanson, shida ne ko takwas, ka duba ko kan da ke tasha ta huɗu ya dace da shi. Spindex suke kiransa, roba ce, fizge shi ake yi a sa wani, kuma ya kamata ya juya sakat da yatsa. In ya dace, rami a tsakiya yana zuwa ne daga ɗayan uku: tasha ta huɗu ba ta naɗe bakin sosai ba, kam ɗin tasha ta biyar (ƙarfen da ke saita yadda bututun rufewa ke danna baki) yana sama da yawa, ko kayan ciki ba su cika kwanson ba saboda wad ɗin gajere ne. Na ukun za a fara kawarwa, ta hanyar tabbatar da cewa wad ɗin shi ne wanda jadawali ya ce. Sannan a sassauta sukurun kam a sauke shi kaɗan, kamar 1/32 na inci, a gwada. In bakin ya fara murɗewa kamar guguwa ko jikin kwanso ya yi ƙundu a ƙasan baki, an wuce, a mayar sama. Zurfin rufin kuma sukurun da ke saman bututun ne ke saita shi, ana neman kimanin 1/16 na inci. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, kuma ka sa alama da maka a inda yake kafin ka motsa shi.

Lissafa yatsun wad, wasa, zoben roba, kwalba da sandar oza ɗaya a farashin sababbi, ka nuna masa, ka nemi ragin wannan. Littafin injin yana shafin MEC kyauta in nasa ya ɓata.

Mairo: In ka kawo shi gida, ɗaure shi da noti a kan babban tiren gasa burodi mai baki sannan a kan tebur, dalmar da ta zube a nan za ta tsaya. Albarushin da ya zube da tsintsiya ake kwashewa, ban da injin shara mai zuƙa. Tabarau a ido duk lokacin da ake zaunar da firaima. Ƙurar matattun firaima tana ɗauke da dalma, don haka ba a ɗakin da yara ke rarrafe ba, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

Nasiru: Ya sauko zuwa 70, ban da gwangwanin. Sikeli wanne zan nema, na batir ko mai sanda?

Malam Garba: Kowanne, in dai yana karanta kashi ɗaya bisa goma na giren. Na batir ya fi sauri amma yana yawo in batir ya yi sanyi ko fanka na kaɗawa, mai sanda ba ruwansa da wannan. Ka haɗa da 'yan duwatsun gwaji masu sanannen nauyi, ka ɗora ɗaya kafin kowane zama.